Garantin da ake saya da kuɗi: wa zai biya ranar da giya ta tsaya?

A Amurka, cinikin mota ba ya ƙarewa a inda aka ce an sallama. Bayan an gama tayi, an daidaita a kan farashi, an yi musabaha, sai a ce wa mai saye ya shiga wani ɗan ofis da ke can ciki domin a cike takardu. Mutumin da ke zaune a wannan ofis ba shi ya nuna motar ba, ba ruwansa da launinta ko ƙarfin injinta. Aikinsa shi ne bashin da za a ci, da inshora, da wasu tarkacen da ake liƙa wa ciniki. Babba a cikinsu shi ne ƙarin garanti: ka biya dala 2,000, ko 3,000, ko fiye, a yi maka alkawarin cewa idan garantin kamfanin da ya ƙera motar ya ƙare, wani zai ci gaba da ɗaukar nauyin gyara.

Da gangan ake ajiye maganar sai ƙarshe. Mai saye ya gaji, ransa ya riga ya shige cikin motar, burinsa kawai a miƙo makulli. Ba za a faɗa masa jimlar kuɗin ba. Za a ce masa dala arba'in da 'yan kai ne kacal a wata, a juyo masa fuskar kwamfuta ya ga abin da gyaran giya ke ci, a tambaye shi ko yana da irin wannan kuɗi a ajiye. Galibi ba shi da su. Sai ya sa hannu.

Hausawan da ke zaune a New York, da Houston, da Maryland, da takwarorinsu na Landan da Manchester, duk sun san wannan ɗaki. Maganar ta shafi na gida ma, domin da yawa daga cikin motocin da ke yawo a titunan Kano da Kaduna da Maraɗi a can aka fara hawansu, wani lokaci har da takardar garantin a cikin aljihun gaba, mai saye yana zaton ya tsinci dami a kala.

Garanti biyu ne, ɗaya ne kawai na gaske

Garantin da ke zuwa da sabuwar mota kamfanin da ya ƙera ta ne ke ba da shi, kuma kuɗinsa na cikin farashin motar. Toyota a Amurka tana ɗaukar nauyin kusan komai na tsawon shekara 3 ko mil 36,000, wato kusan kilomita 58,000, duk wanda ya riga cika. Inji da giya kuwa, shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai ta wuce nan: tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Amurkawa ke yi wa motocinta kallon kayan da ba su da ƙarko, ta fito da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, dabarar da ta taimaka ƙwarai wajen wanke sunanta. Sai dai wannan na mai hawan farko ne. Da zarar an sayar wa wani, ya koma shekara 5 ko mil 60,000. A Turai, Kia tana ba da shekara 7. Toyota a Ingila, tun 2021, tana sabunta garantin duk lokacin da aka kai mota sabis a garejin wakilinta, har motar ta shekara 10 ko ta ci mil 100,000, ba tare da an sayi wata takarda daban ba.

Abin da ake sayarwa a ɗan ofishin nan wani abu ne daban. Hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka, FTC, ta sha nanata cewa a idon doka ba garanti ba ne, yarjejeniyar gyara ce da ake saya da kuɗi. Bambancin yana da nauyi. Garantin kamfani na ƙarƙashin dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai ka kai motarka wurin bakaniken da ba nasu ba, ko ka sa kayan gyaran da ba tambarinsu ba, sai in sun nuna cewa wannan ne ya jawo lalacewar. Yarjejeniyar gyara kuwa, abin da aka rubuta a cikinta shi ne haƙƙinka, abin da ba a rubuta ba babu shi, kuma kowace jiha da yadda take sa ido a kanta.

Akwai kuma gyare-gyaren da mutum ke da su kyauta ba tare da ya sani ba. Dokar Amurka ta wajabta garantin shekara 8 ko mil 80,000 a kan manyan kayan tace hayaƙi, ciki har da abin nan na cikin salansa da kanikawanmu ke kira indomi, da kwamfutar da ke sarrafa inji. Batirin motocin Toyota masu haɗa fetur da lantarki, daga ƙirar 2020, shekara 10 ne ko mil 150,000. In kuma aka gano wani aibi ya game wata ƙira gaba ɗaya, kamfani kan tsawaita garantin wannan sashe da kansa, kamar yadda Nissan ta yi wa giyar CVT ta motocin 2003 zuwa 2010, ta mayar da shi shekara 10 ko mil 120,000. Wanda ya sayi ƙarin garanti saboda tsoron waɗannan, ya biya kuɗin abin da yake da shi ne tun farko.

Lissafin da ba a yi a gaban mai sayarwa

Mujallar Consumer Reports, wadda ba ta karɓar talla, ta tambayi dubban masu motoci a ƙarshen 2013. Kashi 55 cikin ɗari na waɗanda suka sayi ƙarin garanti ba su taɓa amfani da shi ba har ya ƙare. Matsakaicin abin da suka biya ya ɗan haura dala 1,200. Waɗanda suka yi amfani da shi kuwa, matsakaicin abin da ya rage musu na kuɗin gyara dala 837 ne. Wato ko wanda motarsa ta lalace, aka gyara masa, a galibi bai mayar da kuɗinsa ba. Farashi ya hau tun daga lokacin, na gyara da na takardar duka, amma ƙashin bayan lissafin yana nan.

Ba kuwa zai canza ba, domin haka sana'ar take. Kamfanin da ke sayar da wannan takarda yana da tarihin gyaran miliyoyin motoci. Ya san shekarar da famfon ruwan wata ƙira ke fara yoyo, ya san nawa ne cikin ɗari ke rasa giya kafin mil 100,000. Da wannan sani yake yanka farashi, ya ɗora kuɗin gudanar da ofis, ya ɗora ribarsa, sannan dillalin mota ya ɗora tasa la'adar, wadda sau da yawa ba ƙarama ba ce, shi ya sa ma ake iya taya farashin kamar yadda ake taya motar kanta. Kai da ke zaune a kujera ba ka san komai ba sai tsoron da ke ranka. Duk yarjejeniyar da ɗaya ya san ƙididdiga, ɗaya bai sani ba, an san wanda zai fi cin riba.

Sai kuma kuɗin ruwa, wanda ba a cika ambata ba. Mu ɗauka takardar dala 2,500 ce, aka zuba ta cikin bashin mota na wata 72 a kan ruwa kashi 8 cikin ɗari. Abin da za ta ƙara maka a wata kusan dala 44 ne, daidai da abin da aka faɗa maka. Amma kafin ka gama biya ka ba da fiye da dala 3,150.

Wani wurin da ake shammatar mutane shi ne ƙirgen shekaru. A ce an sayar maka da shekara 7 ko mil 100,000 a kan sabuwar Camry. A yawancin takardu ƙirgen yana farawa ne daga ranar da aka fara sayar da motar, daga mil na farko. Shekara ukun farko dama kamfani ne ke gyara. Saura huɗu. In kuma inji da giya ne damuwarka, waɗanda su ne ke cin kuɗi, to kamfani na riƙe da su har shekara biyar. Saura biyu. Direban da ke cin mil 25,000 a shekara kuwa, cikin shekara huɗu ya ƙure mil ɗin, sauran shekarun sun zama ado a takarda.

Inda aka binne maganar

Takardun iri biyu ne, kuma sanin wanne ke hannunka ya fi sanin sunan da aka laƙaba masa, ko na zinariya ne ko na azurfa. Iri na farko yana lissafa kayan da za a gyara: in abu ba ya cikin jerin, ba ruwansu. Iri na biyu yana cewa za a gyara komai sai abin da aka cire, sannan ya lissafa waɗanda aka cire. Na biyun ya fi tsada, ya kuma fi amfani nesa ba kusa ba. Motar zamani cike take da ƙananan na'urori masu auna zafi da iska da gudu, ga wayoyi, ga allon gaba, ga kyamara. Jerin da bai wuce shafi guda ba ba zai ƙunshe su ba, kuma su ne suka fi yawan ba da matsala, ba ƙarfen inji ba.

Duk irin da ka saya, akwai abubuwan da ba a shiga: taya, takalmin birki, farantin kuloci, batir, roba mai share gilashi, ƙwan fitila, juyen baƙin mai. Waɗannan kowa ya yarda kayan ci ne. Rigimar tana tasowa ne a kan jimlar da ke cewa ba a biyan abin da ya lalace saboda tsufa da yawan aiki. Motar da ta ci mil 90,000, wane ƙarfe ne a jikinta bai tsufa ba? Takarda mai kyau tana bayyana cewa za ta biya idan kaya ya ci har ya wuce iyakar da kamfani ya gindaya. Wadda ta yi shiru a nan ta bar wa kanta ƙofar fita.

Ga wata ƙofar. Tiyon ruwa ya fashe a kan babbar hanya, ruwa ya zube, inji ya yi zafi, gasket ta ƙone. Inji yana cikin jerin abin da ake gyarawa, amma tiyo ba ya ciki. Sai a ce maka abin da ba a rufe ba ne ya lalata abin da aka rufe, don haka ba biya. Ko a ce allurar zafi ta hau ba ka tsaya nan take ba, sakacinka ne. Mutane da yawa a nan suke fara karanta takardar da suka sa wa hannu shekara uku da suka wuce.

Kafin bakanike ya kwance ko da noti ɗaya, sai an kira kamfanin ya ba da izini. Wanda ya gyara kafin ya kira, ya biya da kansa. In lalacewar a cikin inji ko giya take, za su ce a buɗe su turo mai dubawa, kuma kai ne za ka amince da kuɗin buɗewar. In ya duba ya ce ba su da hannu a ciki, ga injinka a warwatse a ƙasan gareji, ga kuɗin kwancewa a wuyanka. In sun amince, to suna da damar sa kayan kwance ko wanda aka sabunta, suna da iyakar abin da suke biya na aikin awa guda, in garejin ya fi haka tsada kai za ka cika. Akwai kuma kason da kai ke fara biya a kowane gyara, dala 100 ko 200. A duba da kyau: a kan kowane zuwa gareji ne, ko a kan kowane kaya da aka canza? In na biyun ne, zuwa ɗaya da matsala uku, biya uku ke nan. Jimlar abin da za su kashe maka kuma galibi ba ta wuce darajar motar a kasuwa, darajar da kullum ƙasa take yi.

Rasit ma shaida ce. Za a nemi takardar kowane juyen mai, da kwanan wata, da adadin mil. Mutanenmu da suka saba kai mota wurin wani ɗan'uwa bakanike a bayan layi, a biya shi a hannu ba rubutu, su ne farkon waɗanda wannan sharaɗi ke kayarwa.

Sharaɗin da ya fi shafar baƙi 'yan Afirka ta Yamma kuwa shi ne na sana'a. Yawancin takardun ba sa rufe motar da ake haya da ita ko kai saƙo, sai an sayi ƙari na musamman. Wanda ya sayi mota da niyyar yin Uber ko Lyft, bai faɗa ba, ko ya faɗa da baki ba a rubuta ba, ranar da giya ta tsaya adadin mil ɗin da ke allo ne zai tona shi.

Wa ke bayan takardar?

Sau da yawa hannu uku ne a cikin takarda ɗaya: wanda ya sayar, wanda ke karɓar koke ya yanke hukuncin biya ko ƙi, da kamfanin inshorar da ya tsaya musu in sun karye. Sunan da ke saman takarda da manyan baƙaƙe yana iya zama na ɗan talla kawai.

Tarihin wannan kasuwa ba shi da daɗin ji. US Fidelis, wani kamfani a garin Wentzville na jihar Missouri, ya taɓa zama kan gaba wajen tallar irin wannan takarda a Amurka. Ya karye a 2010, ya bar ɗimbin masu motoci da takardu a hannu, kuma 'yan'uwa biyun da suka mallake shi, Darain da Cory Atkinson, sun amsa laifi a 2012 aka ɗaure su. Bayan nan sai annobar kiran waya ta zo, wata murya da aka naɗa tana cewa garantin motarka ya kusa ƙarewa, har abin ya zama abin barkwanci a ƙasar, ana kiran waɗanda ko keke ba su da shi. A Yulin 2022 hukumar sadarwa ta FCC ta umarci kamfanonin waya su daina wucewa da kiran wani gungu da ke bayan lamarin, a Agustan 2023 kuma ta ci gungun tarar kusan dala miliyan 300, bayan ta ce sun yi kira sama da biliyan 5 cikin wata uku kacal na 2021. A Yulin 2024, CarShield, wani kamfanin sayar da irin wannan takarda wanda tallarsa ta cika talabijin da fuskokin taurari irin su Ice-T, ya amince ya biya dala miliyan 10 don sasanta ƙarar FTC, wadda ta ce tallar ta sa mutane zaton za a gyara musu abubuwan da a ƙarshe aka ƙi biya.

Manyan sunaye ma ba su tsira ba. A Nuwamban 2023 hukumar kare masu cin bashi, CFPB, ta yanke wa sashen ba da bashi na Toyota biyan dala miliyan 60, bisa cewa ya tsaurara wa mutane hanyar soke irin waɗannan ƙare-ƙaren: wanda ya kira zai soke, a ci gaba da yi masa talla har sai ya maimaita buƙatarsa sau uku, sannan a ce ya rubuto. FTC ta fitar da wata ƙa'ida a Disamban 2023 da za ta hana dillalai cusa irin waɗannan kaya ba da sanin mai saye ba, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Janairun 2025 tun ba ta fara aiki ba.

A Ingila mai saye yana da ɗan abin dogaro ko ba takarda. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da motar da ya saya a hannun dillali in ta fito da aibi, kuma a cikin wata shidan farko ana ɗauka da aibinta aka sayar, sai in dillali ya tabbatar da akasin haka. A jihohi da yawa na Amurka kuwa ana iya sayar da tsohuwar mota yadda take, a yi alama a takardar da doka ta ce a manna a gilashi, shi ke nan.

To wa ya kamata ya saya?

A ganina, yawancin masu Corolla, da Camry, da Civic, da Accord ba su da buƙatarsa. Kuɗin da za su bayar, in suka ware shi a wani asusu suna ƙara masa kaɗan-kaɗan kowane wata, shi zai yi gyaran, ba mai tambayar su rasit, in kuma motar ba ta lalace ba kuɗin nasu ne.

Amma ba zan ce ba shi da amfani ga kowa ba. Mutum biyu yake yi wa rana. Na farko shi ne wanda ya sayi motar alfarma ta Jamus ko Ingila, irin su BMW, da Mercedes, da Range Rover, wadda garantinta ya kusa ƙarewa, ga ƙafa mai aiki da iska, ga na'urori birjik, gyara ɗaya na iya cinye kuɗin takardar. Masu sayarwa ma sun san haka, shi ya sa takardar irin waɗannan motoci ta fi tsada. Na biyu shi ne wanda in aka ce ya kawo dala 4,000 gobe, to aikinsa ya tsaya, hayar gida ta gagara. Shi ba riba yake nema ba, yana sayen kariya ne daga faɗuwar da ba zai iya tashi ba, kuma ya san a lissafi zai yi asara kaɗan. Abin takaicin shi ne irin wannan mutum ne ake ɗora wa ruwa mafi tsada a kan bashi, shi ne kuma ya fi faɗawa hannun masu tallar takardar ta waya.

Wanda ya yanke shawarar saya, ya nemi na kamfanin da ya ƙera motar, irin su Honda Care, ko Ford Protect, ko na Toyota. Ana karɓarsu a garejin kowane wakili a faɗin ƙasa, kuma gareji da kamfani su ke daidaitawa tsakaninsu. Ba dole ba ne a saya ranar da aka sayi mota; galibi ana iya saya muddin garantin farko bai ƙare ba, kuma a wurin kowane wakili, don haka a kira uku ko huɗu a ji farashi. A nemi ainihin yarjejeniyar, ba 'yar takardar talla mai hoto ba, a tafi da ita gida, a fara karantawa daga shafin abubuwan da aka cire. Wanda ya ce sai ka biya zai nuna maka, ya gama ba ka amsa. In aka ce banki ba zai ba da bashi ba sai da ita, a ce a rubuta haka a takarda. Nan take maganar kan canza. Wanda kuma ya riga ya sa hannu, yawancin takardu na ba da kwana 30 zuwa 60 a soke a karɓi kuɗi cif, bayan nan a karɓi na ragowar wa'adi. In a cikin bashi aka zuba, kuɗin banki ake mayar wa a rage bashin.

Musulmi da yawa suna da wata tambayar kafin ta riba da asara. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ƙunshe da garari mai yawa, ta nuna tsarin taimakekeniya a matsayin mafita. Garantin da ke zuwa da mota babu saɓani a kansa, alkawarin mai sayarwa ne a kan hajarsa. Na ƙarin ne malamai suka rabu: da yawa sun sauƙaƙa idan mai sayarwa ne ya haɗa shi cikin cinikin motar tun farko, suka tsananta idan wani kamfani daban ne ya sayar da shi shi kaɗai, domin a nan ka ba da kuɗi sananne a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, cinikin biri a sama ke nan. Wanda abin ya dama ya kai wa malaminsa ainihin takardar, domin hukuncin na bin yadda aka ƙulla ta.

Ba ya ƙetare teku

Motar da ta sauka a Legas ko Kwatano ta bar garantinta a inda ta fito. Yarjejeniyoyin gyara na Amurka galibi a Amurka da Kanada kawai suke aiki, kuma fitar da mota waje na kashe su. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na motocin da ake lodowa Afirka ta Yamma daga gwanjon Copart da IAA suke, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci, kamar ɗimbin motocin da ambaliyar guguwar Harvey ta nutsar a Houston a 2017. Motar da kamfanin inshora ya zubar haka, ko a can ma galibi garantinta ya mutu. Saboda haka dillalin da ya zaro wata takarda daga aljihun gaba ya ce, "Alhaji, ai har yanzu tana ƙarƙashin garanti," ko bai sani ba ne, ko yana so ya ƙara kuɗi.

Garantin 'yar Beljiyam a kasuwarmu sananne ne: a zagaya da ita, bakanikenka ya saurari inji, ya leƙa ƙasa, dillali ya ce, "Lafiyarta ƙalau, mai kawai za ka zuba." In an yi sa'a ya ba ka kwana biyu ko mako a kan inji da giya, da baki. Nijeriya tana da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, da hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita, kuma dokar ta tanadi haƙƙin mayar da kaya mai aibi. A fiƙihun Malikiyya ma wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Sai dai duka biyun suna buƙatar shaida, ciniki kuwa an yi shi a tsaye a bakin titi. Rubuta wa'adin nan na mako guda a bayan rasit, da lambar jikin mota, da sa hannun shaidu biyu, ya fi duk wata takardar Turanci da aka tarar a cikin motar.

Masu sayen sabuwa fil daga wakilan kamfani, galibi ma'aikatu da bankuna da manyan 'yan kasuwa, su suna samun garanti na gaske, wanda aka fi gani shekara 3 ko kilomita 100,000. Sharaɗinsa shi ne sabis a garejin wakili a kan lokaci, abin da ke da wuya ga motar da ke aiki a Nguru ko Diffa. Gurɓataccen mai kuma ba ya cikin abin da garanti ke ɗauka, kamar yadda waɗanda fetur mai yawan methanol ya lalata wa motoci a Fabrairun 2022 suka gani. Inshorar mota, ta gargajiya ko ta takaful, hatsari da gobara da sata take rufewa. Injin da ya buga don kansa ba ya ciki.

Abu ɗaya ne mai sayen tsohuwar motar Amurka zai iya samu daga can kyauta, shi ne labari. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In aka sa ta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, zai nuna ko akwai kiranyen gyara da ba a yi wa motar ba. Mafi girma a tarihin ƙasar shi ne na jakar iskar Takata, wadda ke iya fashewa ta watsa ƙarfe a fuskar direba, kuma zafi da laima ne ke ƙara mata haɗari. Ya shafi miliyoyin Honda da Toyota da wasunsu na shekarun 2000, irin waɗanda suka cika garejin sayar da motoci a nan. Da 'yan daloli kuma shafukan Carfax ko AutoCheck za su nuna ko motar ta taɓa hatsari, ko ruwa ya ci ta, da adadin mil ɗin da aka rubuta mata na ƙarshe kafin ta hau jirgi, sai a gwada da wanda ke kan allo a yau.